Rakiya Har Ƙetaren Teku

Ni da taubashina mun taɓa mallakar ƙasa guda sukutum, da biranenta da gonakinta da sojojinta, kuma dukanta tana cikin wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda batirinta ba ya kai mutum daga azahar zuwa la'asar. A lokacin ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Tambuwal, shi kuma yana koyar da lissafi a wata sakandare a Kebbe. Ɗan kawuna ne, mahaifinsa wan mahaifiyata, don haka tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Yana ce mini ɗan mace, ina ce masa ƙaramin malam, saboda tun bai iya ɗaura wando ba yake tafiya da hannuwa goye a baya irin na mahaifinsa.

Wani abokin aiki ne ya zuba mini wasan, ya ce zai rage mini zaman banza. Irin wasan nan ne da ba a yi masa gaggawa, bi-da-bi ake yinsa kamar dara. Ana ba ka 'yan mutane a kan taswira, ka nemi wuri mai ruwa ka kafa gari, ka yi noma, ka ja ganuwa, ka tara mayaƙa. In ka gama abin da za ka yi a wannan zagaye sai ka danna maɓalli, kwamfuta ta motsa wa sauran ƙasashe nasu, sannan yi ya dawo kanka. Kana iya tashi ka yi salla, ka ci tuwo, ka je barkar haihuwa, ka dawo ka tarar ko akuya ba a taɓa maka ba. Wannan hali nasa ne ya sa ya zauna da mu. Mu ba mutanen wasan da ake ta watsa yatsu ana gumi ba ne.

Ranar da na nuna wa taubashina, sai da ya gama kushe wasan tas, ya ce aikin waɗanda gwamnati ke biya don su ɗumama kujera ne, sannan ya ce in matsa ya gani. Bai ɗaga kai ba sai da batir ya mutu.

Tunda kwamfutar ɗaya ce, sai muka yi ƙasa ɗaya muna karɓa-karɓa. Mako guda tana hannuna, mako guda tana hannunsa. Ranar Asabar wanda take wurinsa zai naɗe ta cikin darduma, ya cusa a jaka, ya rataya a ƙirji don kada ta sha jijjiga a bayan babur, ya kama hanya. Wanda ya san hanyar Kebbe da damina ya san abin da nake nufi. Akwai wuraren da babur ke ɗaukarka, akwai wuraren da kai ke ɗaukar babur. Na sha kifewa a taɓo, amma ban taɓa bari jakar nan ta jiƙe ba.

Mulkinmu bai taɓa bin hanya ɗaya ba. In na miƙa masa ƙasa cike da mahaya da 'yan baka, sai ta dawo mini cike da makarantu da rumbuna, an sallami rabin sojojina wai suna cin hatsi a banza. Ni ma in ta dawo hannuna sai in tsayar da ginin makarantarsa in sa a ƙera takubba. Ya ce da za a ba ni ƙaramar hukuma ta mako guda, da har masu shara sai na rataya musu kwari da baka. Na ce da shi za a ba, da 'yan fashi sun shigo sun tarar kowa ya iya lissafi, sun kwashe shanu ana ƙirga musu. Abin mamaki, a haka ƙasar ta yi ƙarfi. Maƙwabtan da muke tudu ɗaya da su muka bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu da yaƙi wasu da lallashi, har ya zama duk inda doki zai iya takawa namu ne.

Saura ƙasa guda, mai shuɗiyar tuta, tana can ƙetaren teku. Sarkinta kan fito a fuskar kwamfuta jefi-jefi, wani mai murɗaɗɗen gashin baki, ya yi mana kallon raini ya ce sojojinmu ba su ba shi tsoro. Ba mu taɓa wahalar da kanmu da koyon sunansa ba, mai gashin baki muke ce masa. Mu kuwa babban ruwan da muka taɓa ƙetarewa a rayuwarmu shi ne gulbi da damina, a kwalekwale, muna riƙe da gefe muna salati.

A farkon daminar nan ne taubashina ya sami gurbin ƙarin karatu a wata ƙasa mai nisa, ta gaske ba ta kwamfuta ba, ita ma sai an ƙetare teku. Ya daɗe yana nema. Aka ce ya isa kafin ƙarshen kaka, in bai je ba a ba wani. Dangi suka yi ta murna, mahaifiyata har da guɗa. Takardu suka kammala ba wata matsala, abin da ya rage kawai ya faɗi ranar da za a yankar masa tikiti. Nan ne magana ta tsaya. Da na tambaye shi, muna zaune a zauren kawu da kwamfuta a tsakaninmu, sai ya nuna shuɗiyar ƙasar nan da haɓa.

"Ba ni zuwa ko'ina sai mun ci mutanen ga," ya ce. "Wa kag gani ya bar yaƙi tsaka ya wuce karatu?"

Na yi dariya, na ɗauka irin tsokanar da muka saba ce. Mako ya zagayo bai faɗi rana ba. Wani ya zagayo, ya ce ana noman farko. Da aka gama ya ce ga maimai nan tafe. Gonar kawu kuwa ba ta taɓa rasa masu duƙawa a cikinta ba. Sai na gane mutumin nan ya sami wurin ɓuya, kuma a bayan mai gashin baki ya ɓuya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san wahalar da ya sha kafin ya sami gurbin nan. Na kuma san halinsa: faɗa ba ya motsa shi, amma in ya furta magana, ko da wasa ya furta ta, ba ya janyewa. Hanya ɗaya ta rage mini, in ci ƙasar nan kafin a sare dawa.

Kafin in faɗi yadda yaƙin ya kaya, sai na faɗi wani abu game da gidan kawu. Kawu malami ne, magidanta ke zuwa zaurensa ɗaukar karatu da hantsi da bayan la'asar, sauran lokaci yana gona. A Kebbe an san shi da abu biyu, haƙuri da rakiya. Ba baƙon da zai tashi daga zauren nan kawu bai zura takalmi ya bi shi ba, ko da mai tallan goro ne ya tsaya shan ruwa. Akwai wata tsamiya a bakin gari, inda hanyar Tambuwal ta miƙe. Nan ce iyakarsa. Baƙo zai fara cewa a koma haka nan tun daga ƙofar gida, kawu ya yi kamar bai ji ba, sai an kai tsamiya ya tsaya, ya miƙa hannu, ya yi addu'a, ya juya. Ba ya ƙara taku ɗaya kuma ba ya waiwaye. A ganinsa wuce nan takura wa baƙo ne, don shi ma yana son ya saki jiki ya yi sauri. A haka muka tashi. Muna yara, ni da taubashina mun sha raka juna, in kai shi, ya ce ba zai bari in koma ni kaɗai ba, ya rako ni, in sake mayar da shi, har sai wani babba ya gaji da ganinmu ya kore mu.

To a wasan, jiragen ruwa iri biyu ne. Akwai na dako, masu ɗaukar sojoji, manya masu nauyin jiki, ko gora ba su da ita ta kare kai. Akwai kuma na yaƙi, masu igwa. Tekun ma launi biyu ne a taswira. Kusa da gaɓarmu ruwan fari-fari ne, in an yi nisa sai ya koma baƙi-baƙi, daga nan kuma duhu ne, ba ka ganin abin da ke ciki sai ka shiga.

Tafiyar farko a makon taubashina ta faɗo, ina gefe ina kallo. Ya ƙi barin jirgi ko ɗaya ya tashi sai ya cika maƙil, kamar motar tasha, in wuri ɗaya ya rage sai an jira fasinja. Sannan ya jera su a tsakiya, masu igwa dama da hagu, gwanin ban sha'awa. Aka yi ta tafiya zagaye bayan zagaye har aka kai inda farin ruwa ya ƙare. Nan ya tsayar da jiragen yaƙi, ya ce da na dako Allah shi kiyaye hanya, ya juya da masu igwa gida. Ni ma na ce amin. Wallahi ban ga wani aibu a ciki ba. An raka su, an kai inda ake kaiwa, kuma ai ba a barin gida ba kowa.

Ba su yi nisa cikin baƙin ruwa ba wasu jirage masu shuɗiyar tuta suka ɓullo daga duhu. Kafin yi ya dawo kanmu, sojojin da na yi makonni ina tarawa duk suna ƙarƙashin teku, su da dawakinsu. Mai gashin baki ya fito ya tambaya ko muna son sulhu. Taubashina ya yi salati mai tsawo, amma na lura gefen bakinsa na motsi kamar mai danne dariya. Muka karɓi sulhu, don ba mu da ko wanda zai riƙe mana mashi.

Zuwa lokacin kawu ya fara sha'awar abin. Da farko in ya gan mu duƙe a kan kwamfuta sai ya wuce yana girgiza kai. Daga baya ya riƙa jawo buzunsa kusa, littafi a buɗe a gabansa, ido kuwa a wajenmu. Yakan tambayi me mutanen garin can ke ci, me ya sa aka kafa wannan birni nesa da ruwa, wa ke yi musu hukunci in sun yi rigima. Da na sake tara runduna sai na zo da dabara. Tunda akwai sulhu tsakaninmu, jiragen mai gashin baki ba za su taɓa namu ba. Sai mu lallaɓa shiru har gaɓarsa, mu sauke sojoji, sannan mu ce mun fasa sulhu. Ina cikin bayani ina jin daɗin kaina, kawu ya rufe littafi.

"Ba a shiga gidan mutum babu sallama," ya ce, "ko da yaƙi kaz zo. Kun yi alkawari da shi. Ku aika mai tun daga nan, shi san kuna tafe."

Na ce kawu, mutumin nan fa hoto ne, ba shi da rai. Ya ce ba don shi ya faɗa ba, don ni ya faɗa. Taubashina ya goyi bayan mahaifinsa da wani irin zafi da ban taɓa ganin ya goyi bayan kowa da shi ba. Haka na aika wa mai gashin baki sanarwar yaƙi tun jiragenmu na ɗaure a gida. Muka tashi, muka raka su har bakin baƙin ruwa, muka yi musu addu'a, muka juyo. Mutanen suna nan suna jira, tunda mun gaya musu. Wannan karon ko ɗaya bai tsira ba.

Daga nan na shiga zarge-zarge. Na ce laifin taubashina ne da ya cika ƙasa da makarantu. Ya ce laifina ne da na ɗauko sojojin da ba su iya iyo ba. A makona na gwada bi ta arewa, aka nutsar da su ta arewa. Na gwada aika jirage da yawa don ko rabi su kai, sai na ba kifi abinci mai yawa. A ofis ana magana ina kallon bango ina lissafin teku. A waje kuwa gero ya fid da kai, aka fara gasa tumu, aka yanke, dawa ta fara ja. Duk Asabar in na wuce gonaki a kan babur, kowace zangarniya tana gaya mini lokaci ya tafi.

Matata ba ta ƙaunar wasan nan ko kaɗan. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma a ganinta mutumin da ke da lafiya ya zauna yana kallon taswira yana huci, shi ma mara lafiya ne da ba a gano cutarsa ba. Wata safiyar Asabar, kafin in kama hanyar Kebbe, na buɗe kwamfuta a tsakar gida ina gwada tafiya da 'yan jirage kaɗan. Tana zaune a bayana tana tsinke zogale. Na kai bakin baƙin ruwa, na juya da masu igwa kamar kullum.

"Waɗanga da sunka juya, ina za su?" ta tambaya.

Na ce gida.

"Mi sunka manta?"

Na ce ba su manta komai ba, rakiya suka yi, sun kai iyaka. Ta ci gaba da tsinke zogalenta, ba ta ko ɗago ba. Can ta ce, to masu nutsar da su ɗin, a ƙofar gidanku suke ko can gaba? Nan take abin ya faɗo mini. Tun da muka fara wasan nan ba wanda ya taɓa kawo wa gaɓarmu hari. Masu igwa suna komowa ne su tsaya a bakin ruwa suna hutawa, waɗanda aka raka kuwa ana cinye su a can. Mun ɗauki tsamiyar kawu mun dasa a tsakiyar teku, kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina dalili ba. Na yi dariya har na ƙware. Ta ce in na gama in ɗauke kwamfutata daga kan tabarmar, tana son shanya.

Ranar ban san yadda na kai Kebbe ba. Na tarar da su a zaure, an tashi daga karatun hantsi. Makon taubashina ne, don haka shi ke riƙe da linzamin kwamfutar, ni sai dai baki. Na bar shi ya cika jiragensa maƙil, ya jera su, kawu ya tabbatar an aika da sallama. Aka yi ta tafiya har farin ruwa ya ƙare. Da na ga hannunsa ya nufi masu igwa zai juya da su, na dafa shi.

"Kada ka juya da su, ƙaramin malam. Bari su bi su har can."

Na zaci zai yi mamaki, ko ya yi musu, ko ya ce wa ya ba ɗan mace wannan basira. Bai yi ko ɗaya ba. Ya saki linzamin ya jingina da bango. Ya ce shi ya gane tun tafiya ta biyu. Mutumin da ke koyar da lissafi, ya ce, ai ba zai ga abu ɗaya na faruwa a wuri ɗaya sau biyu bai tambaya ba. Ya yi shiru ne kawai ya bar ni ina ta ciyar da kifi. Na so in rufe shi da faɗa, amma fuskarsa ta hana ni. Ban taɓa ganinsa babu tsokana a ido ba sai ranar.

Ya ce ba jirgi yake tsoro ba, ba kuma karatun ba. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa rakiya, kuma duk wanda suka raka, a tsamiya suke juyowa su dawo gida su ci abinci. Bai taɓa tunanin halin da mutum ke shiga bayan an juya an bar shi ba, sai da jiragen nan suka fara nutsewa. Sannan ya kalli inda kawu yake, ya sassauta murya, ko da yake zauren bai da girman da za a ɓoye magana.

"In na wuce, na dawo ban iske shi ba fa?"

Kawu bai ɗaga ido daga littafi ba. Ya ce rai a hannun Allah yake, wanda ke Kebbe da wanda ke bayan teku duk tazararsu ɗaya da ajali. Ya juya shafi, sannan ya ƙara.

"Ni ban riƙe ka ba. Kada ka laɓe bayana yadda kal laɓe bayan mai gashin bakin ga. Wuce da su mu gani."

Taubashina ya taso daga jikin bango. Sannan ya ɗauki linzamin ya tura masu igwa cikin baƙin ruwa. Masu shuɗiyar tuta suka ɓullo daga duhu kamar yadda suka saba, sun zo cin banza, suka tarar da abin da ba su zata ba. Aka yi ta ɓarin wuta. Kawu da kansa ya ajiye littafi yana cewa a kula da na gefen can, ya yi baya. Mun yi asarar wasu, amma na dako ko ƙwarzane ba su samu ba. Da jirgin farko ya taɓa yashin gaɓar can, sojojinmu suka fara sauka da dawakinsu, sai batir ya mutu. Muka kwasa da gudu zuwa shagon mai caji, manyan mutane biyu da kwamfuta a hammata, kawu na bayanmu yana tambaya ko mutanen sun sami sauka duka.

Sauran yaƙin bai ba mu wahala ba. Makarantun da nake zagi sun sa makamanmu sun fi nasu, kuma taubashina bai bar ni na manta da haka ba. Kafin a gama sarar dawa mun karɓi babban birninsu. Mai gashin baki ya fito, kallon rainin ya tafi, yana roƙon sulhu. Ni na so mu share shi gaba ɗaya, kawu ya ce wanda ya ce ya bi ba a ƙara masa, a bar masa gari ɗaya ya zauna da iyalinsa. Aka bar masa. Na tambayi taubashina ko wannan ya cika ci. Ya ce ya cika. Washegari ya faɗi rana.

Ranar tafiya gida ya cika da mata da addu'o'i da ƙullin yaji da kuka da daddawa, waɗanda rabinsu sai da muka sauke don jaka ta ƙi rufuwa. Kawu ya zura takalmi. Muka taka a ƙafa, ina tura babur da kaya, su biyu suna gaba da hannuwa goye a baya. Da muka kai tsamiya kawu ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa. Ya riƙe hannun ɗansa ya yi addu'a, ta ɗan fi ta kullum tsawo. Sannan ya dube ni.

"Ni iyakata nan," ya ce. "Kai ɗan ƙanwata, ka ida mini rakiyar."

Ya juya. Na tsaya ina kallo ko yau zai waiwaya, bai waiwaya ba, sai dai tafiyarsa ta yi nauyi.

Na goya taubashina har Tambuwal. A tasha ya ce in koma haka nan, na kai shi inda ake kaiwa. Na ajiye babur wurin wani mai shayi da na sani na shiga motar Sakkwato na zauna kusa da shi. Motar ta ƙi tashi sai ta cika, na ce masa ga irin mulkinsa nan, ya ce ai shi ya sa ƙasarmu ta yi albarka. Wajen Jabo ya sake cewa in sauka in nemi ta komawa, matata na jira. Na ce ita ta koya mini. A Sakkwato ya ce to yanzu kam ya isa, na tare mana mai keke napep zuwa filin jirgi. Duk hanya muna tsokanar juna, ya ce in ya dawo ya tarar na rushe masa makaranta ko ɗaya sai mun je gaban alƙali, na ce kafin jirginsa ya sauka na mayar da su barikoki.

A filin jirgi akwai wata ƙofa da ba a wuce ta sai da tikiti. Nan muka tsaya. Ya gyara jakarsa, ya dube ni, ya ce nan kam dole ka juya, ɗan mace. Na ce na sani. Na so in faɗi wata magana mai daɗi, amma mu ba mu saba ba. Sai na ce masa Allah shi kiyaye hanya, ya ce amin, ya shiga. Ban juya ba. Na fita na sami inda ake hango jirage na tsaya a rana har nasa ya tashi ya ƙanƙance ya ɓace. Hawaye suka zubo mini, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Yanzu yana can, yana kira ta waya yana ƙorafin abinci da ruwan sama. Ni kuwa ban fasa zuwa Kebbe ranar Asabar ba, da kwamfuta a ƙirji. Kawu ne ya gaji makon ɗansa. Ba ya taɓa linzami, yana daga kan buzu yana faɗin abin da za a yi ina dannawa, kuma ya fi ɗan nasa son makarantu. Wata Asabar muna duba taswira na ga jiragen yaƙinmu har yanzu suna can gaɓar ƙetare, inda suka sauke sojoji, suna tsaye ba aikin fari ba na baƙi. Na ce kawu, yaƙi ya ƙare, waɗannan bari in dawo da su gida. Har na kai hannu.

"Bar su can," ya ce. "Yaron bai dawo ba tukuna."